Muryar amsa kan kiyashin da ya addabi kicin

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki, kin ce kiyashi ya cika miki robar sukari da ƙuli-ƙuli, kin fesa fiya-fiya sau uku, sai ma ƙaruwa ya yi har ya kai ɗakin yara. To don Allah ki ajiye feshin nan tukuna, shi ne ya watsa miki su.

In dai ƙananan nan ne jajaye, masu ɗan ruwan ɗorawa, da tsawonsu bai wuce milimita 2 ba, Turawa na ce musu tururuwar Fir'auna. Gidansu ba sarauniya ɗaya ba ce, sarauniyoyi ne da yawa a rami guda. Da sun ji warin guba sai su kwashe ƙwai su rarrabu, wannan ta bi wata tsaga da mutanenta, waccan ta shige bayan soket. Gida ɗaya ya zama huɗu ko biyar. Waɗanda kika ga sun mutu a ƙasa kuwa 'yan neman abinci ne kawai, masu haihuwar suna can cikin bango.

Ni ma na sha fama da su lokacin da muke haya a Tudun Wada. Wallahi da asuba na buɗe gwangwanin madarar yarona, na ga layinsu siriri kamar zare, daga gindin taga har cikin murfin. Ranar kuka kawai ban yi ba.

Abin da ya raba ni da su, hodar borik asid ce, ki tambaya a kemis ko wajen masu maganin ƙwari a kasuwar Sabon Gari. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa, da sukari babban cokali uku. Ki jiƙa auduga, ki sa a murfin kwalba, ki ajiye daidai kan hanyarsu. Kada ki cika hodar, Hajiya, wannan shi ne sirrin. So ake su sha su koma gida da ransu, su ciyar da sarauniyoyin da 'ya'yan. In ta yi yawa, a hanya za su mutu, an koma gidan jiya. Kwana biyun farko za ki ga sun yi dandazo a kan murfin, hannunki zai yi ta ƙaiƙayi, ki daure kada ki taɓa su. Ki riƙa sabunta audugar, a ba shi makonni, don daga ƙwai zuwa babba suna ɗaukar wajen kwana 40.

Amma fa a ɓoye murfin bayan kabad, inda mai rarrafe ko kyanwa ba za su kai ba, guba ce.

Sannan zuma, man gyaɗa, kilishi, duk a rufe ruf, a wanke kwanuka kafin a kwanta. Mai jego ko mai ciwon da bai warke ba, a kula da shimfiɗarsa sosai, suna bin rauni kuma suna ɗauko ƙwayoyin cuta. Bayan sati biyu ki turo mana murya mu ji yadda ake ciki.