Ramin da Ke Jikin Fatar Goge

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙannenka. Ka ce in faɗa maka dalilin da ya sa masu haɗa goge ke yanke rami a jikin fata, kuma ko gaskiya ne ƙofar iskoki ce kamar yadda ka ji, tunda ana goge a wurin bori. To, iska na bi ta nan babu shakka, amma wadda muke shaƙa ce, kuma aikinta a cikin ƙwarya ya fi yadda mutane ke zato.

Idan aka ɗaure fatar guza a bakin ƙwarya aka rufe ruf, iskar ciki ta zama kamar matashi a ƙarƙashin fata. Tsarkiya ta girgiza jaki, wato ɗan icen da ke tokare ta a kan fata, jaki ya danna fata, fata ta matsa iska, ita kuma iska ta turo ta baya. Wannan turowa tana ƙara wa fata tauri, sai murya ta fito siririya, a shaƙe. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwarya, gwargwadon ƙarfin turowar. Da an buɗe rami, iska ta sami hanyar shiga da fita, fata ta sake, kuma iskar da ke kai da kawo a bakin ramin ta ƙara tata murya mai kauri.

Gwada da kanka. Hura bakin kwalbar da ba komai cikinta, ka ji amonta. Zuba ruwa zuwa rabi ka sake hurawa: amon ya hau, domin wurin iska ya ragu. Haka yake a goge. Babban ciki na saukar da amo, babban rami na ɗaga shi. Sai an ninka cikin ƙwarya sau 4 kafin amon iskar ya sauko zuwa rabi, don haka ɗan bambancin girma ba ya canja abu sosai. Rami ne ke saurin nuna kansa.

Shi ya sa gwani ba ya gaggawa. Yakan bari fata ta bushe sarai, ya zaɓi gefe nesa da inda jaki zai zauna, ya yanke ƙaramin rami, ya goga izga ya saurara. In murya na nan a toshe, ya ƙara kaɗan, har ya kai kamar faɗin yatsu biyu. Ana ƙara rami, ba a mayar da shi. Wanda ya wuce gona da iri zai sami goge mai ƙara amma ba kauri, ga fata ta rasa ƙarfin riƙe jaki. Ka kuma duba bakin ramin ya zagaye sumul, domin daga ƙusurwa yagewa ke farawa, musamman da hunturu lokacin da fata ke ɗamewa. Ƙwarya mai tsaga ma ɓarna ce: iska na zurarewa ta nan, amo ya mutu da wuri. A liƙe tsagar da danƙo kafin a zargi fata.

A kalangu za ka ga aikin iskar da idonka. Ajiye shi a tsaye, ka zuba ƙwayoyin gero kaɗan a fatar sama, ka buga ta ƙasa da yatsa. Geron zai yi tsalle, alhali ba ka taɓa wannan fatar ba. Iskar da ke ratsa siririn ƙugun icen ce ta kai saƙon. Saboda haka ne in fata ɗaya ta huje, ɗayar ma ba ta ba da muryarta ta gaskiya. Kotso kuwa ƙasansa a buɗe yake, fatarsa ɗaya, ba ya buƙatar a huda shi.

Abu ɗaya kada ka haɗa da wannan. Saukar murya da damina ba laifin rami ba ne, fata ce ta sha raɓa ta saki. Maganinta a shanya ta a rana ko a kanga ta nesa da wuta, ana taɓawa da yatsa ana saurare har ta dawo. Kada a kusantar da ita ga garwashi, sai ta ƙone ta yi tsaga.

In za ka sayi goge, sa tafin hannu ka rufe ramin, mai shi ya goga, sannan ka ɗauke hannun. In ba ka ji bambanci ba, akwai inda ƙwaryar ke yoyo. Ka gaishe mini da mutanen gida.