Kankare, duwatsu ko ciyawa: da me zan tare gaɓar kogi?

Tambaya: Kogi yana cin bakin gonata duk sa'ad da ya cika. Wani ya ce in zuba kankare, wani ya ce duwatsu. Ina kamun kifi a wurin, ba na so in kore shi. Me zan saya?

Amsa: Malam, tunda ka ambaci kifi, mu fara da abincinsa. Ka ɗaga dutse ɗaya daga cikin ruwan, ka duba ƙarƙashinsa. Za ka ga dodon koɗi, tsutsotsin ƙwari, wasu sun ɗinka wa kansu gida da ƙwayoyin yashi, wataƙila har da 'yar ƙaguwa. Su kifi ke bi. Abin da suke bukata shi ne lungu, inuwa da ruɓaɓɓen ganye.

Katangar kankare sumul take, ba ta da ko ɗaya. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, ruwa kuma yana ƙara gudu a jikinta, ya je ya ci gonar maƙwabcinka na ƙasa. Ban ba ka shawarar ta ba, sai in gida ko gada ake karewa.

Duwatsu sun fi, amma ka sayi manya da ƙanana a gauraye, ka jera su a gangare, ba a tsaye ba, don a samu ramuka iri-iri. Ka sa su a gindin gaɓa kawai, inda ruwa ke ƙwaƙula. Daga nan zuwa sama ka shimfiɗa tabarmar zaren kwakwa, ka dasa ciyawar jema, wadda saiwarta kan kai mita 3. Tabarmar za ta ruɓe cikin 'yan shekaru, lokacin saiwa ta kama ƙasa. Tsutsar mazari ma sai ta hau kara kafin ta fito da fukafukai, abin da nake matuƙar son gani da asuba.

Tambaya daga wata mata: Ina da tsofaffin tayoyi kyauta. In jera su a gaɓar kogi?

Amsa: Kada ki yi, Hajiya. Taya tana sakin tutiya, wadda ke cutar da ƙananan halittun ruwa. A 2020 masu bincike a Amurka sun gano wani sinadari daga taya yana kashe wani nau'in kifin salmon. Ragar roba ma ki guje ta: rana tana farfasa ta, ɓurɓushinta ya bi ruwa.