Dalilin kafa ƙananan injuna a kan ƙarfe

Malam, ka tambayi me ya sa ake manna injunan nan da ido ba ya gani, waɗanda ake ƙerawa da ƙwayoyin sinadari, a jikin ƙarfe. Dubi injin markaɗe a kasuwar Agege: in ba a kafe shi ba, rawa kawai zai yi. Cikin ruwan sinadari ma haka ne, in ba a kafe ƙaramin injin ba, ƙwayoyin ruwan na ta bugunsa ta ko'ina, juyinsa ya tashi a banza.

Ben Feringa, masanin sinadarai na jami'ar Groningen a ƙasar Holland, ya ƙera irin wannan ƙaramin inji mai juyawa da ƙarfin haske a 1999, gefe guda kawai yake bi. A 2005 shi da abokan aikinsa suka kafa injin kan zinare. A 2011 har 'yar mota mai irin waɗannan injuna suka tuƙa kan jan ƙarfe, abin mamaki! Feringa ya samu kyautar Nobel a 2016.