Ajiye Geiger ɗin nan tukuna

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni ko wannan Geiger da muka gyara, na'urar da ke ƙirga hasken nukiliya, za ta iya auna damin sandunan uraniyum da aka ciro daga tukunyar nukiliya. Ɗana, ajiye ta inda take.

Shekarun da na yi a Arlit, uraniyum ɗin nan mai kama da gari, ruwan ɗorawa, muke aunawa, wanda ake durawa a ganga a kai Faransa. Shi da sauƙi, kana gefen ganga kana aikinka. Amma in an mai da shi sanduna ya shiga tukunya ya yi shekara uku ko huɗu yana ci, wani abu ne daban yake fitowa. Dami guda irin na Faransa tsawonsa kusan mita 4, sanduna 264, kuma hasken gamma da yake zubarwa, wanda ido ba ya gani, in ba shamaki, mintoci sun isa ya kashe mutum. Geiger kuwa in abin ya fi ƙarfinta shaƙewa take yi, wata ma ta yi tsit, kai ka ɗauka lafiya lau. Na fi tsoron wannan tsit ɗin da duk ƙararta.

Shi ya sa a shekarun farko ba a raba damin da ruwa. Tafkin ajiyarsa zurfin kusan mita 12 ne. A jikin bango ake barin wata siririyar tsaga da aka kewaye da dalma, a bayanta a girka dutsen jamaniyum, wanda shi ne ke yin awon, ana sanyaya shi da ruwan naitirojin har digiri 196 ƙasa da sifili. Sai a riƙa jan damin a hankali kamar guga a rijiya, yana gittawa gaban tsagar kaɗan-kaɗan.

Jamaniyum ba ƙirga yake kawai ba, murya yake rarrabewa. Sisiyum 137, wani sinadari da ke samuwa a cikin damin in ya ci, na magana a 662 keV, wato ma'aunin ƙarfin hasken, sai ya shekara 30 rabinsa ke ƙarewa. Ɗan'uwansa 134 shekara 2 ta ishe shi. Ka san yadda dillali a kasuwar dabbobi zai buɗe bakin jar akuya ya faɗi shekarunta ba tare da ya tambayi mai ita ba? To haka ake gwada waɗannan biyun, a gane iya cin da damin ya yi da daɗewarsa a ruwa. Masu duba na hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana, irin awon nan suke gwadawa da abin da aka rubuta musu a takarda.

Gobe ka zo da wuri. Za mu buɗe Geiger ɗin, ka ga bututun da idonka.