Amsa ga mai tambaya kan advice da advise

Ƙanwata da kika ce advice da advise, da practice da practise, kullum sai sun rikita ki ga kuma WAEC ta matso, kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce wallahi. Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo nan ƙasar Ringim, kuma ba shekarar da jan birona bai sha wahala a kan wannan abin ba.

Ni dai a ganina ba rashin ƙoƙari ba ne, Hausar da ke kanmu ce take aiki. Mu abubuwa da yawa da suna muke faɗarsu, sai mu jingina musu "yi" ko "ba", yi numfashi, yi ƙorafi, yi asara, ba da shawara, to yaro ya zo rubuta zan ba ka shawara ƙwaƙwalwarsa shawarar take nema, ta samo advice, shi kenan sai ya dangwala I will advice you ya wuce abinsa, alhali Bature aikatau ɗaya tal yake sawa a gurin, advise. Haka ake samun I want to complaint da I cannot breath da we will loss the match, duk hanya ɗaya suka biyo.

Sai kunne. Yawancinsu a furuci bambancin yake, sunan yana ƙarewa da sauti mara ziza, aikatau kuma da mai ziza. Ɗora yatsa a maƙogwaronki ki ce advice ki ja ƙarshen, sssss, shiru za ki ji. Sake cewa advise, zzzz, za ki ji wajen yana rawa. Ranar da nake sa 'yan aji su yi wannan ajin kamar an taɓo gidan zuma, har malamin lissafi na leƙowa ta taga, amma fa suna riƙewa. Wannan mai sauƙi ne tunda muna da sa da za a Hausa. Inda ake jin jiki shi ne belief da believe, proof da prove, life da live, safe ma da save duk da shi safe sifa ce, don ba mu da v, bakinmu b yake mayar da ita, th ɗin breath da breathe kuwa ba a magana. A nan ido za ki sa, mai ve a ƙarshe shi ne aikatau, tsakanin breath da breathe kuma mai e.

Practice da practise kuma furucinsu ɗaya sak, kunne ba zai taimake ki ba, ki auna su da advice da advise, c suna, s aikatau. Licence da license ma haka. Wannan tsarin Ingila ne kuma shi makarantunmu suke bi, 'yan Amurka practice suke rubutawa ko'ina, shi ya sa in wayarki a Turancin Amurka take sai ta riƙa ja miki layi a ƙarƙashin practise kina ganin ke ce kika yi kuskure. Ki shiga saitin kibod ki canza.

A ɗakin jarrabawa ba lokacin taɓa maƙogwaro, dubi kalmar da ta zo kafin wadda za ki rubuta kawai. In to ce ko will ko can ko I, we, they, aikatau ake so. In the ce ko my ko your ko good, suna. Kuma don Allah kar ki rubuta an advice ko advices, ba a ƙirga ta, some advice ake cewa ko a piece of advice.

Masu cewa ai ƙaramin abu ne mai duba takarda zai gane nufinki, ban yarda da su ba sam. A insha'in WAEC maki 10 cikin 50 na tsaftar rubutu ne, kowane kuskure rabin maki yake ci, yara da yawa sifili suke tashi da shi a gurin. Ki samu tsohon littafi ki raba shafi biyu, suna hagu aikatau dama, amma ba kalma tsirara ba, jimla za ki rubuta da abin gidanku, my choice is fura, I choose fura. Ki turo guda biyar nan in duba miki bayan isha'i in akwai caji.