Amsa kan lesin ɗin yamma da coci ya buɗe wa yaran unguwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki bar yaranki su shiga lesin ɗin kyauta na cocin unguwarku. Nawa biyu sun yi shekara guda a irinsa, a wani cocin ECWA a Jos, daga ƙarfe 4 zuwa 6. Lissafi ne da Turanci, sai biskit in za a tashi. Ƙaramin, da ko harafi bai iya haɗawa ba, yanzu allon shago ma sai ya tsaya ya karanta.

Amma ki je da ƙafarki tukuna. Ki tambayi malamar ko ana addu'a da waƙar coci, kuma ko za a ware naku. Sannan lokacin ya ci karo da Islamiyya. Mu sai da muka mayar da tamu Asabar da Lahadi.