Tushen masara 53,333 a hekta: daga ina wannan adadi ya fito?

Tambaya: Malam, kullum malaman gona suna ce mana hekta ɗaya tana ɗaukar tushen masara 53,333. Ina suka samo wannan adadi? Kuma ina da 'yan ƙwadago huɗu, na rasa yadda zan raba musu aikin daidai.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Hekta fili ne mai murabba'in mita 10,000, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Idan ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, kowane tushe ya ci murabba'in mita 0.1875. Raba 10,000 da wannan, za ka sami 53,333 da ɗan guntun da ba ya shukuwa.

Ita 10,000 lamba ce mai sauƙin kai. Lambobi 25 ne ke raba ta ba saura, shi ya sa gona mai mita 50 da 200, ko 80 da 125, duk hekta ce cur. Amma 53,333 mara ce, ba cika ba. Biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, balle huɗu ko biyar. Idan aka warware ta har ƙarshe, 7 ce sau 19 sau 401, kuma kowace a cikinsu ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta.

A nan ne abin ya fi burge ni. 7 sau 19 ya ba da 133, kuma kunya 133 ce ke shiga faɗin mita 100. Ka ja igiyar shuka a kan kunya guda, ka sa iri tun daga bakin farko har bakin ƙarshe, ramuka 401 za ka ƙirga. Kunya 133 sau rami 401, ga 53,333 cif.

Saboda haka ka daina rabo da tushe, ka raba da kunya. Mutum bakwai, kowa kunya 19. Naka huɗun, kowa 33, ragowar ɗaya su haɗu su gama ta, ko ka biya ta daban tun wajen jinga don kada a yi rigima da yamma.

Tambaya: In na sa ƙwaya biyu a rami, tazarar santimita 50 fa?

Amsa: Kusan duk ɗaya ne: rami 201 sau biyu sau kunya 133, tushe 53,466. Ni dai na fi son ɗaya a rami, don biyun suna ƙwacen taki da haske. Kowanne ka zaɓa, tanadi iri kilo 20 zuwa 25, kuma ka zagaya bayan mako guda ka cike inda bai tsiro ba.